Ƙofar da Ke Kallon Shagon Hajiya

Auta ta sake kai zaren bakin allura, ya sake kauce mata. Hannun da matan unguwa ke rububi a kansa saboda iya yanka da ɗinki, yau shi ne yake rawa kamar na wadda aka kama da kayan sata. Ta yar da zaren a kan keken ɗinkinta, ta ƙara wa fanka ƙarfi, duk da garin babu wani zafi.

An yi watanni tana haka. Tana cin abinci kamar mai aikin gini, amma kullum sai ta rage wa siket ɗinta ƙugu. Zuciya na dukan ƙirji ko a zaune take, idanu sun ɗan firfito, barci kuwa sai dai ta ji labarinsa a bakin mutane.

Ramar nan ce ta tsayar da maganar aurenta da Injiniya.

Ba wani injiniya ba ne fa, mai haɗa wayar wutar lantarki ne, ita ce ta laƙaba masa sunan ranar da ya gyara mata soket ɗin shago, sunan kuma ya bi shi. Manya sun zauna, magana ta yi nisa, sai mahaifiyarsa Hajiya ta ga Auta a wani taro. Kallo ɗaya ta yi mata daga sama har ƙasa, ta koma gida ta ce wa ɗanta, “Yarinyar nan akwai abin da ke cinta. A dakata. Zan je gidansu da kaina in ga jikinta, sannan in san abin da zan ce.”

Shi kenan aka dakata. Hajiya ba ta magana biyu.

Jiya ne dai likita ta gano bakin zaren. Ta taɓa gaban wuyan Auta ta ce, “Akwai wata ’yar tsoka a nan, ita ke daidaita wutar jiki. Taki ta buɗe wutar har ƙarshe, shi ya sa kike ƙonewa. Akwai magani, kuma yana aiki. Amma kada ki haɗiyi ko ƙwaya ɗaya sai an ɗebi jininki an duba hanta da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da cuta. Jefi-jefi maganin yakan taɓa su, ciwon ma da kansa yakan taɓa su. In ban san yadda suke tun farko ba, gobe na ga sun canza, wa zan tuhuma?”

Auta ba ta sha wahalar ganewa ba. Ita da ba ta taɓa sa almakashi a yadin mutum ba sai ta auna shi?

Matsalar ɗaya ce. Na’urar asibitin ta lalace, likita ta ce ta je ɗakin gwajin jini mafi kusa da ita. Ɗakin gwajin nan kuwa ƙofarsa tana kallon shagon da Hajiya ke sayar da kwanuka da kuloli, ido cikin ido, titi ne kawai a tsakani.

Labule ya ɗaga. Umma ce ta shigo, Gwaggo na biye da ita riƙe da farar leda.

“Ungo,” in ji Gwaggo, ta dire ledar a kan keken. “Maganin da likitarki ta rubuta ne, ba ragi ba ƙari. Yaron kirki, ina nuna masa sunan ya ɗauko. Yana waje ma cikin mota.”

Auta ba ta tambayi wane yaron kirki ba. A duniyar Gwaggo mutum ɗaya ne yaron kirki, Mai Kemis na bakin kasuwa, wanda ya yi shekara yana aiko da turare ana mayar masa.

“Gwaggo, likita ta ce sai an yi gwaji.”

“Likita ce za ta aure ki?”

Umma ta zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki, ta kamo hannun ’yarta ta riƙe. Muryarta a sanyaye take, kuma wannan ya fi faɗan Gwaggo ciwo.

“Auta, ki dube ni. Yadda kika rame ɗin nan, ki taka ki shiga ɗakin gwajin jini a gaban shagon matar nan? Kafin ki fito an raɗa wa ciwonki suna, kin kuma san sunan da za a raɗa masa. Ki sha maganinki a ɗaki, ki yi ƙiba, ranar da ta zo ta gan ki sumul. Wa ya ji, wa ya gani?”

“In maganin ya taɓa min hanta fa, Umma?”

“Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Allah ba zai kawo ba.”

“Amin. Amma likitar ma da Allah ta dogara, ta ce a auna.”

Gwaggo ta tafa hannu. “Kin ji ko, Yaya? Tun tana ƙarama haka take, a ce mata gabas ta ce a kawo hujja. To fita ki gaishe da mutumin da ya yi miki hidima, ko shi ma sai an auna?”

Auta ta ɗauki ledar, ta yafa gyale ta fita.

Mai Kemis ya sauke gilashi, ƙamshinsa ya riga sallamarsa isowa. Mutum ne mai tsafta, mai murmushi da haƙora duka, irin wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar talla ce.

“Ranki ya daɗe, ya jikin?”

“Da sauƙi. Ga maganinka, na gode. Ban tashi sha ba.”

“Haba, ƙanwata. Gwajin nan duk tsirfar likitoci ce. Mutum nawa na ba maganin nan? Ba wanda ya dawo.”

“Ba wanda ya dawo,” ta maimaita a hankali. “Ka bi sawu ka ji dalili?”

Murmushin ya ɗan motsa, amma bai faɗi ba. Ya sassauta murya.

“Bari in faɗa miki gaskiya. Gidan da kike naci, uwar ce ke mulki, kuma ta riga ta yanke hukunci. Ni ba ni da uwar da za ta zo duba ki kamar akuyar sayarwa. A yadda kike ɗin nan ina so. Ba gwaji, ba tambaya, ba wanda zai san kina shan komai.”

Ƙarya ne a ce maganar ba ta taɓa ta ba. Macen da ta yi watanni ana kallonta ana kau da kai, in aka ce mata ana sonta a yadda take, dole zuciya ta ɗan karkata. Amma Auta ta dubi ledar da ke hannunta, ta dubi mutumin.

“Kai ka san maganin nan fiye da Gwaggo. Ka san takardar da ke cikin kwalin ta yi gargaɗi a kan jini da hanta?”

Ya kau da kai, ya hau gyara madubin motar.

“Ka sani kenan. Ka sani, ka ba ta ta kawo min.” Ta ajiye ledar a kan kujerar motar. “Allah ya ba ka wadda ta fi ni.”

Ba ta tsaya jin amsarsa ba. Ta juya ta koma ciki.

Bayan la’asar Injiniya ya iso, da jakar kayan aiki a kafaɗa da ƙurar siminti a gashi. Ya tsaya a bakin shagon kamar baƙo. Kallo ɗaya ta yi masa ta san Umma ta kira shi.

“An aiko ka ne?”

“Ba wanda ya aiko ni.” Ya sosa ƙeya. “To, Umma ta kira ni. Amma ni ban ce ki sha magani babu gwaji ba, wallahi. In wani abu ya same ki ina zan sa kaina?”

“To me ka ce?”

Ya jawo kujera ya zauna. “Akwai wani ɗakin gwaji can ƙarshen gari, na taɓa yi musu aiki. Gobe in ɗauke ki a babur, a ɗebi jinin, mu dawo. An bi umarnin likita, Hajiya ba ta gani ba. Kowa ya huta.”

Dabara ce mai kyau, ita ma ta san haka. Da jiya da safe ya kawo ta, da ta amsa da gudu. Amma likita ta faɗa mata wasu abubuwa guda biyu da ba ta gaya wa kowa ba, su ne suka kwana suna cinta.

“Injiniya, in an yi auren, a ina zan zauna?”

“Kin sani mana. Sashen da na gyara, cikin gidanmu.”

“Kai kuma kana fita tun safe, wani lokaci aiki ya kai ka wani gari.”

“Haka ne.”

“Likita ta ce in na fara maganin nan, duk ranar da na ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro, in dakatar da shi, a ranar a ɗebi jinina. A ranar, ba washegari ba. Domin yana iya zama fararen ƙwayoyin nan ne suka ƙare, kuma mutum na iya tafiya a haka.” Ta dube shi. “To ka ce ranar ta zo, kana can saman tsani a wani gari. Wa ke gida? Hajiya. Ta ji ina zazzaɓi, ta dafa min citta da zuma, ta lulluɓe ni ta ce in yi barci. Da zuciya ɗaya za ta yi, don ba ta sani ba. Mu muka ɓoye mata.”

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

“Kuma gwajin ba na rana ɗaya ba ne. Za a yi ta maimaitawa. Kullum sai mu saci hanya zuwa ƙarshen gari? In haɗiyi ƙwaya a banɗaki kamar ɓarauniya a gidan mijina?”

“Auta, ba ki san Hajiya ba.” Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. “Ni kaɗai ne da ita. In ta ce a’a, ba zan iya tsallake maganarta ba, kuma ba zan iya rayuwa in ga wani ya ɗauke ki ba. Lokaci kawai nake nema mana. Ki ji tausayina.”

Hawayen da take riƙewa tun safe suka ɓalle. Ta bar su suka zuba, ba ta goge ba.

“Akwai saura. Likita ta ce kada in ɗauki ciki sai ciwon ya lafa, ta kuma duba maganin da nake sha, don yana iya cutar da jariri. Zai iya kai shekara, zai iya wucewa.”

Nan fa Injiniya ya dafe kai da hannu biyu. Duk unguwa an san Hajiya ta fara tara kayan jarirai tun kafin a san wadda za ta haifa.

“Wannan kam kada ki faɗa mata. Don girman Allah, Auta.”

“Kai fa? Ka ji, kana nan a kan bakanka?”

Ya ɗago da sauri, har da jin haushi. “Wace irin tambaya ce wannan? Ko shekara goma ce ina nan.”

Ta yi murmushi cikin hawaye. Sonsa ya cika mata ƙirji har ta ji kamar ba zai ɗauka ba, tausayinsa kuma ya fi son yawa, domin ta riga ta san abin da za ta yi, ta kuma san zai iya raba su.

“To ka tafi aikinka gobe. Kada ka zo da babur.”

“Me za ki yi?”

“Awon jini zan je.”

Da hantsi ta yi wanka, ta sa rigar da ta fi kama ta, ba ta nemi wadda za ta ɓoye ƙashin wuya ba. Umma ta biyo ta har bakin ƙofa tana kuka, Gwaggo na daga ciki tana cewa a bar ta ta je ta kashe aurenta da hannunta. Auta ta durƙusa ta ce, “Umma, ki sa min albarka kawai.” Umma ta daɗe kafin ta ɗora mata hannu a ka.

Titin cike yake. Ga ɗakin gwajin da farin fenti da ƙofar gilashi. Ga shagon Hajiya a ɗaya hannun, kuloli jere har rufi, tukwane na ƙyalli a rana. Ga kuma Mai Labule, maƙwabciyar shagon, wadda labari ba ya kwana a bakinta, ta riga ta miƙe wuya.

Auta ba ta nufi ƙofar gilashin ba. Ta tsallaka titi.

Hajiya na zaune a kan kujerar roba tana goge murfin tukunya. Auta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Hajiya ta amsa a taƙaice, idonta na kan ƙashin wuyan nan.

“Lafiya?”

“Ba lafiya ba, Hajiya. Shi ya sa na zo.”

Ta miƙa hannayenta biyu a gabanta, ta bar su suna rawa a fili. Sannan ta faɗi komai: tsokar wuya, wutar jiki, maganin, dalilin da ya sa sai an auna jini kafin a fara, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Da ta zo kan maganar ciki, ta faɗe ta yadda likita ta faɗa, ba ta rage mata kaifi ba.

Hajiya ta ajiye murfin tukunyar.

“Shekara?”

“Ko fiye.”

“Ɗana ya sani?”

“Jiya na gaya masa. Ya roƙe ni kada in faɗa miki, don yana tsoron rasa ni. Kada ki ga laifinsa.”

“Ke ba kya tsoro?”

“Ina ji, Hajiya, kamar in mutu. Amma gara ki ƙi ni kin san ko ni wace ce. Yanzu zan shiga can a ɗebi jinina. Na ce kada ki gan ni daga nesa, wani ya fassara miki.”

 Fuskar Hajiya ba ta nuna komai ba. Can ta miƙe, ta gyara mayafi, ta jawo ƙofar shagon ta datse da kwaɗo, da rana tsaka, abin da ko rasuwa aka yi sai ta yi shawara kafin ta yi.

“Wuce mu je. Ba na son jin magana a bakin mutum ɗaya.”

A ciki ma’aikaciyar gwaji ta karɓi takardar likita, ta zaunar da Auta, ta ɗaure mata dantse da roba.

“Kin fara shan maganin?”

“Ko ɗaya.”

“Madalla. Da yawa sai sun sha na kwanaki suke zuwa, mu rasa ina aka faro.”

Hajiya na tsaye a kansu kamar mai gadi. Ta yi wa ma’aikaciyar tambayoyi har sai da baiwar Allah ta ce sauran sai likita. Ana ɗaukarsa? A’a. Ana warkewa? Ana samun lafiya sosai in an bi doka. Ana haihuwa? Da yawa suna haihuwa, in an jira lokacin da likita ta ce.

Allura ta shiga. Jini ya gangara cikin ’yar kwalba ta farko, aka canza ta biyu. Hannun Auta ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai ta ji wani hannu mai kauri ya danne mata wuyan hannu a kan teburin.

“Mahaifin ɗana,” in ji Hajiya, idonta a kan kwalbar, ba a kan Auta ba, “da ciwon zuciya aka aura min shi. Duk danginsa sun sani, ni kaɗai ce ban sani ba. Ranar da ya faɗi a tsakar gida, ruwa na yi ta yayyafa masa, ina cewa gajiya ce. Maganinsa na cikin aljihun rigarsa, a rataye a bayan ƙofa. Sai wajen wanki na gani.”

Auta ta juyo ta dube ta. Hawaye suka gangaro mata.

“Da na gan ki a taron nan, ba ramar ce ta tsaya min a rai ba. Yadda uwarki ta yi ta jan gyale tana rufe miki wuya, shi na gani.”

Aka zare allura. Ma’aikaciyar ta ɗora auduga, ta ce a danne, sakamako kuma sai yamma. Kafin Auta ta kai hannu, babban yatsan Hajiya na kan audugar.

“Maimaita min. Zazzaɓi da me?”

“Ciwon maƙogwaro.”

“In na gan su?”

“A dakatar da maganin, a ɗebi jini a ranar.”

“Ba citta, ba zuma.”

“Babu, Hajiya.”

“To.” Ta ƙara danne audugar, har da ɗan mugunta. “Maganar jikoki kuma kada ki ɗauka na haƙura. Zan bi ki wurin likitar nan in ji da kunnena, in ta ƙara min ko wata ɗaya a kan abin da ya zama dole, ni da ita ne.”

Suka fito tare, Auta ta naɗe hannu a kan audugar. Rana ta haske titin, kuma kamar yadda Umma ta faɗa, idanu sun taru. Mai Labule har ta baro shagonta ta tsaya a bakin kwalta, waya a hannu.

“Hajiya, lafiya kuwa? Na ga an rufe shago, na ga kuma an shiga wajen gwajin jini da...” Ta ƙarasa da ido, tana auna Auta daga sama har ƙasa.

Auta ba ta sunkuyar da kai ba.

Hajiya ta tsaya a tsakiyar titi, har wani mai babur ya yi mata hon ta ƙi motsawa. Ta kamo hannun nan mai rawa ta riƙe gam, ta ɗaga murya yadda har masu shagon ƙarshen layi za su ji.

“Surukata na kawo gwajin jini. Za ki ƙara ganinmu ma, ba sau ɗaya ba. Kina da magana ne?”